Gadon da ke cikin jini: sharhi a kan sinadarin ƙarfe a jikin dattawa

Jama'a masu saurare, musamman iyayenmu maza da mata na Kajiji da Shagari da Boɗinga da ƙauyukan da ke kewaye da su, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Mas'alar da za mu tattauna yau ta taso ne daga wata al'ada da ta zauna daram a gidajenmu, wadda kowa ke yi da kyakkyawar niyya. Da zarar an ga tsoho ya fara kasala, ko tsohuwa ta fara kukan jiri da mutuwar jiki, sai 'ya'ya su yanke hukunci a tsakaninsu cewa jini ne ya yi ƙasa, a aiki yaro kemis ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini. Ko kuwa, idan gidan na masu riƙo da tsohuwar hanya ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe abin da ake kira mataccen jini. To, magungunan nan biyu kishiyoyin juna ne, domin ɗaya yana ƙara wa jiki sinadarin ƙarfe, ɗaya kuwa yana rage shi, alhali hujjar da aka dogara da ita wajen zaɓen kowannensu guda ce tak, wato gajiya. Ita kuwa gajiya takan zo wa wanda ƙarfen jikinsa ya ƙaranta, takan kuma zo wa wanda nasa ya yi yawa har ya fara ɓata masa hanta, kuma a wasu mutane abin da ke rarrabe tsakanin halayen nan biyu an rubuta shi ne tun suna cikin mahaifa.

Bari mu fara da yadda Allah ya tsara lamarin a jikin mai lafiya. Baligi yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, wanda mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, inda yake riƙe iskar da muke shaƙa ya kai ta ga kowace gaɓa. Ragowar kuma tana ajiye a hanta da saifa da ɓargo. Ƙwayar jini takan rayu kwana 120 ko kusa da haka, idan ta tsufa jiki ya farfasa ta, ya tsince ƙarfen da ke cikinta ya sake gina wata da shi, ta yadda abin da mutum ke bukata daga abinci a kowace rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, gwargwadon abin da ke zubewa ta fata da bangon hanji. Abin lura a nan, wanda duk sauran bayaninmu ya rataya a kansa, shi ne cewa jiki ba shi da wata hanya ta fitar da rarar ƙarfe. Gishiri idan ya yi yawa ƙoda takan tace shi ya fita cikin fitsari, amma ƙarfe idan ya shiga ya shiga ke nan, sai fa in jini ya zuba. Saboda haka duk tsaron yana wajen shiga: hanta tana samar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda masana suka gano a tsakanin 2000 da 2001, kuma aikinsa shi ne idan ajiya ta cika ya umarci hanji ya rage ɗibar ƙarfe daga abinci, idan ajiya ta ragu ya sassauta.

Shi wannan tsari, kamar kowane tsari na jiki, ƙwayoyin gado ne ke tafiyar da shi. Malamanmu na fara'id sun san cewa dukiyar mamaci tana da kasafi, wani ya sami rabi, wani sudusi, wani sumuni, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, wani kuma a shamakance shi. Amma gadon halitta ya saɓa wa wannan, domin ana raba shi ne tun magabatan suna raye, ɗa da 'ya rabonsu ɗaya, rabi daga uba rabi daga uwa, ba a shamakance kowa, ba kuma mai ikon cewa ya yafe nasa. Kowace ƙwayar gado biyu-biyu take a jikin mutum, kuma da yawa daga cikin cututtukan gado ba sa bayyana sai an dace duka biyun sun zo da tawaya iri ɗaya. Wanda ya gaji guda ɗaya lafiyarsa lau, sai dai yana ɗauke da ita. Idan ya auri mai ɗauke da irinta, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗa biyun. Wannan ne ya sa auren zumunci, wanda muke yi da yawa a ƙasar Sakkwato kuma yake da fa'idojinsa na riƙon dangi da babu mai musunsu, yake ƙara yiwuwar haɗuwar tawaya biyu a jikin ɗa guda.

Cutar tarin ƙarfe ta gado, wadda likitoci ke kira hemokuromatosis, a Turai aka fara saninta. A shekarar 1865 wani likitan Faransa mai suna Armand Trousseau ya bayyana halin wani majinyaci da ya haɗa ciwon sukari da ƙeƙashewar hanta da duhun fata, a 1889 kuma wani Bajamushe, von Recklinghausen, ya raɗa wa cutar suna. Wanda ya fara tsayawa da ƙarfi a kan cewa gado ce shi ne Joseph Sheldon na Ingila, wanda a 1935 ya tattara labarin majinyata sama da 300 ya nazarce su, kuma abin sha'awa shi ne wannan likita daga baya ya shahara ne a fannin kula da tsofaffi. Amma ba a kama ƙwayar gadon da hannu ba sai a 1996, lokacin da wasu masu bincike a Amurka suka gano ta, daga baya aka sa mata suna HFE. Wanda ya gaji tawayarta daga uwa da uba, hantarsa ba ta samar da hefsidin isasshe, saboda haka hanjinsa yana ci gaba da ɗibar ƙarfe kamar na mai rashin jini, alhali ajiyarsa ta cika ta batse.

Dalilin da ya sa muka danganta cutar da tsufa a bayyane yake ga mai lissafi. Rarar da ke shiga kowace rana 'yar kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai a ji ta ba a shekarun ƙuruciya da samartaka, amma idan aka tara ta shekara 40 ko 50 sai ta zama giram 20 ko fiye, ta zauna a hanta ta ƙeƙasar da ita har ta iya kai ta ga ciwon daji, ta zauna a gaɓar da ke samar da insulin ta haifar da ciwon sukari, ta taɓa zuciya, ta raunana mazakuta, ta kuma kama gaɓoɓi, musamman tushen yatsa manuniya da ta tsakiya, har mutum ya riƙa jin zafi idan an yi musabaha da shi. Maza sukan fara ganin alamu tsakanin shekara 40 da 60. Mata kuwa haila da haihuwa suna kare su tsawon shekaru, tun da kowane wata jini yana fita, kowane ciki kuma yana cin ƙarfe kusan giram guda, sai bayan haila ta ɗauke sannan tarin ya fara hawa. A shekarar 2019 masana na Jami'ar Exeter a Ingila suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutane sama da 450,000 'yan asalin Turai, masu shekara 40 zuwa 70, inda suka sami 2,890 da suka gaji tawayar ta ɓangarori biyu, wato mutum 1 cikin kowane 156. Daga cikinsu kimanin namiji 1 cikin 5 da mace 1 cikin 10 ne aka tabbatar cutar ta bayyana gare su, kuma mazan sun fi sauran jama'a yawan ciwon hanta da na gaɓoɓi da na sukari. Ke nan ba duk wanda ya gaji tawayar ne zai kwanta ba, abinci da barasa da ciwon hanta na ƙwayar cuta da wasu ƙwayoyin gado duk suna da hannu a yadda za ta kasance.

To, mai sauraro a Kajiji yana da haƙƙin ya tambaya, mene ne haɗinsa da cutar Turawan arewa? Amsa ta gaskiya ita ce, ita wannan tawaya ta HFE da wuya ƙwarai a same ta a jinin baƙar fata. Wani babban bincike da aka buga a 2005, wanda ya auna mutane kusan 100,000 a Amurka da Kanada, ya nuna cewa a cikin kowane farar fata 100,000 ana samun kimanin 440 masu tawayar biyu, a cikin baƙaƙe kuwa 14 kacal. Don haka duk wanda ya zo muku da labarin cewa cutar ta cika ƙasar nan, ko ya ce yana sayar da maganin wanke ta, ku karɓi maganarsa da taka-tsantsan.

Sai dai Afirka tana da nata nau'in tarin ƙarfen. Tun a 1929 wani likita mai suna Strachan ya lura da yawan ƙarfe a hantar baƙaƙen da suka rasu a Johanasbag, aka daɗe ana ɗora laifin kacokan a kan giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe, har sai 1992, lokacin da Victor Gordeuk da abokan aikinsa suka bibiyi wasu iyalai a kudancin Afirka suka nuna cewa ba duk mashayi ne ke tarawa ba, akwai gado a ciki, kuma gadon ba na HFE ba ne. A 2003 aka gano wani sauyi a ƙwayar gadon ferofotin, wato kafar da ƙarfe ke bi ya fita daga hanji zuwa jini, wanda kusan a jinin 'yan Afirka kaɗai ake samunsa. Masana kuma har yanzu suna da saɓani a kan girman tasirinsa. Mu a nan, alhamdu lillahi, addini ya toshe mana ƙofar giya, wadda ita ce babbar abokiyar wannan gado, don haka ba za mu tsawaita a kansa ba.

Gadon da ya shafe mu kai tsaye, wanda da wuya a sami zuriyar da bai taɓa ba daga Boɗinga har Tambuwal, shi ne amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarta guda, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a ƙasar nan, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Wannan yana cikin abin da ya sa jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Mai ɗauke da guda ɗaya ba shi da matsalar ƙarfe ta wannan fuska. Amma mai cutar, jininsa kullum a ƙasa yake, idonsa fari ko rawaya, wanda duk ya gan shi zai ce a ba shi maganin ƙarin jini, alhali kuwa sababin ƙarancin jininsa shi ne ƙwayoyin suna fashewa tun ba su yi kwana 20 ba, kuma ƙarfen da ke cikinsu galibi yana nan a jiki bai tafi ko'ina ba. Sannan ga ƙarin jini na asibiti: kowace leda guda tana shigo da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, wato abin da hanji zai yi fiye da wata uku yana ɗiba, kuma mun riga mun faɗa cewa ba shi da mafita. Wanda aka yi wa ƙarin leda 20 a tsawon rayuwarsa ya karɓi ƙarfen da ya fi na dukan jikin mai lafiya. A da, ba a cika damuwa da wannan ba, domin kaɗan ne daga cikinsu ke kai shekarun da tarin zai yi illa. Yanzu kuwa, da yake kulawa ta inganta, muna ganin masu sikila sun haura 40 da 50 suna aurar da 'ya'ya, kuma su ne ya wajaba a riƙa auna musu ajiyar ƙarfe lokaci-lokaci. Su ba a ɗibar musu jini don rage shi, tun da jinin bai ishe su ba; akwai magunguna na musamman da ke kama ƙarfen su fitar da shi ta fitsari ko bayan gida, waɗanda likitan jini kaɗai ke rubutawa, ga su da tsada, kuma wannan wuri ne da ya kamata hukuma da masu hali su sa hannu. Ƙwayar folik asid da ake ba su kullum ba ta da ƙarfe a cikinta, kada a musanya ta da kwalbar kemis don an ga dukansu sunansu maganin jini.

Akwai kuma wani gado mai sauƙi da ya yawaita a Afirka ta Yamma, wanda ake kira alfa talasimiya, da yake sa ƙwayoyin jini su zama ƙanana. Mai shi galibi lafiyarsa ƙalau, sai dai idan an auna jininsa sakamakon yakan yi kama da na mai ƙarancin ƙarfe, sai a ɗora shi a kan magani wata da watanni, ƙwayoyin ba su girma ba, a ƙara masa wani. A ɗaya gefen kuma, a 2008 an gano wata tawaya, nadira ce ƙwarai, da ke sa hanta ta yawaita hefsidin har hanji ya ƙi karɓar ƙarfe komai yawan ƙwayar da aka haɗiya.

Kada wani ya fahimci cewa muna hana shan maganin ƙarin jini ne. Hasali ma, idan za a tara dattawan ƙauyukanmu a auna su, waɗanda ƙarfensu ya gaza za su rinjayi waɗanda nasu ya yi yawa nesa ba kusa ba. Tsoho haƙora sun zube ya bar nama, ya koma ga fura da nono da kunu, nono kuwa duk albarkarsa ƙarfensa kaɗan ne, gero da dawa suna da shi amma suna tare da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana hanji ɗiba, ga shayi mai kauri da ake korawa da shi bayan abinci, wanda shi ma yana rage ɗibar. Wake da zogale da hanta da kifi suna taimakawa, lemo da garin kuka na ɗiya kuma suna sauƙaƙa shigar ƙarfen. Amma abin da likitoci suka fi jaddadawa shi ne, namiji baligi ko macen da ta daina haila, idan aka tabbatar ƙarfensu ya ƙare, to a ɗauka jini yana zuba ta wani wuri har sai an tabbatar da akasin haka. Yana iya zama gyambon ciki, wanda haɗin magungunan ciwon jiki da tsofaffi ke saye a kemis don ciwon gwiwa da baya ke jawowa. Yana iya zama tsutsar ciki, ko tsargiya ga masu shiga ruwan fadama da madatsa. Yana iya zama ciwon daji na hanji, wanda idan an kama shi da wuri ana samun nasara. Yana kuma iya zama basir mai zubar da jini, cutar da dattijo kan yi shekaru yana ɓoye wa 'ya'yansa saboda kunya, alhali magabatanmu ba su ɗauke ta abin ɓoyewa ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi sarauta daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula da ke kansa ya keɓe risala guda a kan basir da magungunansa, kamar yadda baffansa Malam Abdullahi, wanda ya zauna nan Boɗinga lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake Sifawa, ya yi rubutu a kan maslahar addini da ta jiki tare. Kwalbar kemis takan ɗaga jinin na ɗan lokaci, mutum ya ji daɗin jikinsa, ramin da jinin ke bi kuwa yana nan yana faɗaɗa, kuma a ganina wannan ita ce babbar illarta, ta fi ta tarin ƙarfen yawan aukuwa a wajenmu.

Awon da ake yi a ƙananan asibitocinmu yana nuna yawan jini ne kawai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya namiji mai ƙasa da giram 13, da mace mai ƙasa da 12, a matsayin masu ƙarancin jini. Wannan awo ba ya faɗin dalili. Wanda ke nuna ajiyar ƙarfe shi ne gwajin feritin, sai a haɗa shi da wani da ke auna yadda ƙarfe ya cika abin da ke ɗauke da shi a jini, wanda idan ya haura kashi 45 cikin 100 likita zai fara zargin tari. Irin waɗannan gwaje-gwaje a manyan asibitoci ake neman su, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda akwai sashen likitocin jini. Shi ma feritin yana da sharaɗi, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon hanta da kowane irin kumburi a jiki suna ɗaga shi ko da ajiya ba ta cika ba, saboda haka bai kamata a yi shi ana tsakiyar zazzaɓi ba, kuma fassara shi aikin likita ne. Ciwon hanta na ƙwayar cuta ya yawaita a cikinmu, kuma hantar da take fama da shi ita ce ta fi saurin cutuwa idan aka ɗora mata rarar ƙarfe.

Saura maganar ƙaho. Abin mamaki, duk ci gaban da ilimin likitanci ya yi, maganin tarin ƙarfe na gado har gobe shi ne ɗibar jini: a zare wa majinyaci kusan rabin lita kowane mako har ajiyar ta sauko, daga nan a koma sau uku ko huɗu a shekara, kuma wanda aka fara yi wa haka kafin hantarsa ta ƙeƙashe yakan rayu kamar kowa. Hijama sunna ce tabbatacciya, wanzamanmu kuma sun gaji sana'arsu kaka da kakanni, ba mai raina su. Sai dai jinin da ƙaho ke fitarwa kaɗan ne, ba a kuma auna shi, don haka ba zai sauke giram 20 daga hanta ba. Ga tsohon da jininsa ya riga ya yi ƙasa kuwa, ko wannan kaɗan ɗin asara ce, balle a maimaita shi duk wata. Wanzamin da ya san aikinsa, idan ya buɗe fatar idon tsoho ya gan ta fari fat, ya duba tafin hannunsa ya ga haka, kamata ya yi ya mayar da ƙahonsa cikin zabira ya ce da 'ya'yan, ku kai Baba asibiti a auna shi tukuna. Idan kuwa awon ya nuna tari ne na gado, to sai a sanar da 'yan'uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya su ma su je a gwada su, ko da ba su jin komai a jikinsu, domin kowannensu yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kasancewa ya gaji abin da ɗan'uwansa ya gada.